Taurin Jijiya, Tantancewa da Gwaji

Tambaya: Malam, ina gabatar da shirin lafiya a rediyo, kuma zan yi magana kan na'urorin da ke auna sandarewar jijiyoyin jini ba tare da an huda jiki ba. "Taurin jijiya" zan ce ko "tsaurin jijiya"? Sannan idan masana sun binciki na'ura don su san ko awonta gaskiya ne, inganta ta suka yi?

Amsa: Malama, ki ce tauri. A wasu karuruwan Hausa ana musanya su, amma tsauri ya fi zama a hali da doka, kamar tsaurin ido. Tauri kuwa na abin da ya ƙi lanƙwasuwa ne. Ki kuma fayyace wace jijiya, don Bahaushe jijiya yake ce wa ta jini da ta motsi duka. Ki ce jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya.

"Inganta" kam ban yarda da ita ba, ko da yake ta yi yawa a bakin 'yan jarida. Wanda ya inganta abu ya ƙara masa kyau ne. Masanan nan ba sa ƙara wa na'urar komai, tantance ta suke yi. Wajen awon taurin, ana ɗora abin jin bugun jini a wuya, wani a matsematsi, a lissafa saurin tafiyar bugun tsakaninsu. Jijiya mai tauri ta fi saurin kai shi. A jikin matashi mai lafiya bai cika wuce mita 6 ko 7 a daƙiƙa ba, likitocin Turai kuwa a 2013 sun ɗauki abin da ya haura mita 10 a matsayin alamar lahani. To, sabuwar na'ura sai an gwada ta da amintacciya a jikin mutane guda, yadda ake gwada mudun 'yan kasuwa da na hukuma. Ƙungiyar ARTERY ta masu binciken jijiyoyin jini ta fitar da ƙa'idar wannan aiki a 2010: matsakaicin bambancin awon na'urorin biyu da bai wuce rabin mita a daƙiƙa ba shi ne mafi nagarta. Idan karin magana kike so, ga "sai an gwada akan san na ƙwarai". Gwadawa a nan ta haɗa jarrabawa da jerawa, ma'anoni biyun da aikin ke buƙata.

Tambaya: Ko "jiki magayi" ta dace da shirin?

Amsa: Ki bar ta. Taurin jijiya yakan daɗe bai gaya wa mai shi komai ba, kamar ɗan'uwansa hawan jini. Mai sauraro ya ji wannan karin maganar, sai ya zauna jiran ciwo kafin ya je asibiti.