Me ke kashe min kwalbar 3-500Z a amfilifayar watsa rediyo?

Malam, ka ce kwalba biyu, wato bututun gilashin da ke ƙara ƙarfin sigina, ta mutu maka cikin shekara guda, kana tambaya ko masana'anta ce ta lalace. Da wuya. Kwalba biyu a jere, laifin yana cikin akwatin amfilifayar.

Kafin ka sa hannu, cire wuta ka sauke cajin kafasitoci, masu riƙe wuta ko an kashe na'ura, don bolt 3000 ba ya yi wa kowa gargaɗi.

Fara da filamen, wayar da ke yin zafi a cikin kwalbar. Bolt 5 yake so, kuma a ƙafar soket za ka auna, ba a bakin taransifoma ba. Ɗan ƙari kaɗan yana cinye kwanan kwalba a hankali, sai ka ga ƙarfi yana raguwa wata bayan wata. Duba ƙafafun kuma: in dalmar ta narke ko ta yi baƙi, iska ba ta isa wurin, ko fanka ta gaji ko soket ya saki.

In kuwa ƙara ka ji, fau, da walƙiya a ciki, to iska ce ta taru a kwalbar, inda bai kamata a samu iska ba. Wannan kwalba tana da hali: sinadarin da ke shanye iskar a jikin fuleti yake, wato farantin da ke cikin kwalbar, ba ya aiki sai fuletin ya yi ja. Wadda ta shekara a ajiye ita ta fi yin haka.

Allurar mitar girid, wato ragar wayar da ke tsakanin filamen da fuleti, tana komawa baya alhali ba ka watsa komai? Girid ya taɓa filamen, kwalbar ta gama yawo. Faɗa mana abin da mitocinka suka nuna kafin ta mutu.