Kafin ka biya kuɗin ɗan kunkuru

Tambaya daga Argungu: Wani mai kiwo ya turo mini hotunan 'ya'yan kunkuru ta WhatsApp, ya ce duk mata ne, in tura kuɗi ya ɗoro mini a mota. Yarana ke so. In saya?

Malam, dakata da tura kuɗin tukuna. Cewar da ya yi duk mata ne ita ta fara tsaya mana a rai, domin ba a gane jinsin kunkuru yana ƙarami. A babban kunkurun Sahel, wanda a kansa muke magana, sai ƙoƙon bayansa ya kai kamar santimita 30 ake ganin wutsiyar namiji ta fi tsawo, ƙasan cikinsa kuma ya lotsa. Ko dai bai sani ba, ko so yake ciniki ya faɗa.

Hoto ba ya nuna lafiya. Ka ce ya ɗauko maka bidiyo a cikin rana, ka ga kunkurun yana tafiya cikinsa a ɗage daga ƙasa, yana kuma cin ganye da kansa. Ido ya kasance a buɗe, babu kumburi, hanci a bushe. Majina ko kumfa a hanci ciwon numfashi ne, kuma sanyin hunturu na yawan jawo shi. In ka je da kanka, wanda shi muka fi so, danna ƙoƙon a hankali da yatsa. Sabon ƙyanƙyasa yana da ɗan laushi, amma wanda ya yi watanni har yanzu yana lotsawa, rana da sinadarin ƙashi ne bai samu ba, irinsu ba su cika rayuwa ba. Ka nemi ganin iyayen. Wanda ya kasa nuna su, wataƙila daga daji ya kwaso, alhali babban kunkurun Sahel yana ƙarewa, har CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta hana fitar da na daji zuwa ƙasashen waje don ciniki.

Sai batun gida. Ɗan da bai wuce santimita 5 ba yau, yana iya haura kilo 50, ya kuma yi shekara fiye da 50. Rami yake tonawa mai zurfi, katangar laka ba ta tsare shi. Yana buƙatar shingen bulo mai tsawon santimita 60, tushensa a binne santimita 30, da inuwa. Abincinsa ciyawa ne, sai ɗan ganye da garin ɓawon ƙwai sau biyu a mako. Tuwo, dusa da wake ba cimarsa ba ne. Ƙarami a riƙa sa shi a ruwa mai ɗumi da bai wuce haɓarsa ba, minti 15 kullum, domin bushewa na sa ƙoƙon ya yi tudu-tudu. Don Allah kada a huda ƙoƙon a ɗaura igiya, yana jin zafi. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi, kashinsa na ɗauke da ƙwayar cutar gudawa.

Tambaya daga Yauri: Ina kiwon kunkuru, me zan sa a tallata?

Ranar ƙyanƙyasa, nauyi da giram, abin da yake ci, da farashi a fili. Kowane ɗaya da hotonsa uku: sama, ƙasan ciki, fuska, a ajiye rula a gefe. Wurin aikawa, kwali mai huji da busasshiyar ciyawa, a motar asuba, kada direba ya sa shi a but.