Da na'urar ji a kunnensa amma ba ya jin malam

Tambaya: Salam Anti, ɗana ɗan shekara 7 yana sa na'urar ji, a gida lafiya lau, amma a aji wai surutun yara da ƙarar fanka kawai yake ji. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na'urar ai kowace ƙara take kwasowa, malam na yin nisa muryarsa ta nutse a hayaniya. Akwai ɗan makirfo da malam zai maƙala a wuyan riga, ba a haɗa shi da igiyar waya, yana turo maganarsa kai tsaye kunnen yaro ko ya juya yana rubutu a allo, irin Roger na kamfanin Phonak. Tsada kam akwai! Ki fara tambayar likitan kunne ko na'urar yaron za ta karɓa. Malam kuma ya riƙa kashewa in ya fita, kar yaro ya sha hirar ofis.