Filin Tambaya da Amsa: Na Haɗa Manhaja a Kwamfutata, Ta Ƙi Tashi a Raspberry Pi

TAMBAYA: Malam, ina rubuta wata manhaja da harshen C domin ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 mai ɗauke da tsarin Linux da aka gina a kan Debian 11. Saboda na'urar tana jan lokaci wajen haɗa manhaja, na girka gcc-aarch64-linux-gnu a kwamfutata mai Ubuntu 22.04, kuma aikin ya kammala ba tare da kuskure ba. Amma da na kwafi fayil ɗin zuwa na'urar, sai ta ce ba ta sami GLIBC_2.34 ba. Ina matsalar take?

AMSA: Malam, kwamfailar da ka girka, wato manhajar da ke mayar da rubutun C zuwa umarnin na'ura, ta yi aikinta daidai, domin ta fitar da umarnin da furosesar ARM mai bit 64 ta Raspberry Pi ke ganewa, ko da yake kwamfutarka x86-64 ce. Abin da ya rage shi ne muhallin da aka haɗa manhajar da shi. Laburaren glibc (tarin ayyukan tushe da manhajojin C ke dogaro da su) da ke zuwa da wannan kwamfaila a Ubuntu 22.04 siga ta 2.35 ce, alhali Debian 11 tana kan 2.31. Ƙa'idar glibc kuwa ita ce, manhajar da aka haɗa da tsohuwar siga tana tashi a kan sabuwa, amma wadda aka haɗa da sabuwa ba lallai ta tashi a kan tsohuwa ba. Tun daga siga ta 2.34 da ta fito a 2021, hatta manhajar da ba ta yin komai sai buga layi ɗaya tana neman wannan lambar, saboda an sabunta aikin da ke tayar da kowace manhaja. Tamkar tela ne ya ɗinka riga da awon wani.

Maganin shi ne ka tanadi folda a kwamfutarka wadda za ta zama kwafin tsarin na'urar, wato abin da masu sana'ar ke kira sysroot. Ka yi amfani da rsync, manhajar kwafe fayiloli, ka kwaso /lib da /usr/lib da /usr/include daga Raspberry Pi ɗin, bayan ka girka mata fakitocin da sunansu ke ƙarewa da -dev na duk laburaren da manhajarka ke buƙata, sannan ka nuna wa gcc foldar ta hanyar --sysroot.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Wasu fayilolin da ka kwaso mahaɗai ne kawai masu nuni zuwa cikakken adireshi, misali /lib/aarch64-linux-gnu/libm.so.6, kuma da zarar sun sauka a kwamfutarka sai su riƙa nuni zuwa tsarinta maimakon cikin foldar, don haka dole a mayar da su masu nuni daga inda suke zaune. Haka kuma pkg-config, mai nuna wa kwamfaila inda laburare suke, zai ci gaba da ba da adireshin laburaren kwamfutarka matuƙar ba ka saita PKG_CONFIG_SYSROOT_DIR da PKG_CONFIG_LIBDIR ba. Idan CMake kake amfani da shi wajen tsara haɗa manhajar, ka rubuta CMAKE_SYSROOT a fayil ɗin kayan aiki, ka umarce shi ya nemi laburare a cikin foldar kaɗai. Ko bayan wannan, kwamfailar Ubuntu takan leƙa /usr/aarch64-linux-gnu, inda nata glibc yake, saboda haka kada ka yarda da shirun da ta yi. Ka gudanar da readelf -V a kan fayil ɗin manhajar da ka haɗa ka ga sigogin glibc da yake nema da idonka.

A ganina, ga mai na'ura ɗaya, hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe kwantenar Docker ta Debian 11, wato keɓaɓɓen muhallin Debian 11 a cikin kwamfutarka, ka girka crossbuild-essential-arm64 a ciki, domin glibc ɗin zai dace tun daga farko. Kayan aiki irin su Buildroot da Yocto sun fi dacewa da wanda zai gina tsarin na'urar gaba ɗaya, kuma koyon Yocto musamman yana cin lokaci.

Kafin ka kwafi fayil ɗin, ka gwada shi da qemu-aarch64, mai kwaikwayon furosesar ARM a kwamfutarka, tare da -L da adireshin foldar sysroot. Ka kuma tabbatar tsarin da ke kan na'urar mai bit 64 ne, domin Raspberry Pi 4 tana iya ɗaukar mai bit 32, wanda ke buƙatar kwamfailar arm-linux-gnueabihf. Umarnin dpkg --print-architecture zai nuna maka arm64 ko armhf.