Filin Tambaya da Amsa: Ina Mai Tattaki Zai Kwana Idan Ya Shiga Bauchi?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo daga jihar Gombe suke, kuma damuwarsu ɗaya ce. Mutum ya ɗaura niyyar takawa da ƙafa zuwa Bauchi domin Maulidi da ziyarar malamai, guzurinsa kaɗan ne, bai kuma san inda zai sa haƙarƙarinsa ba idan ya shiga gari. Mun miƙa tambayoyin ga masu jagorantar ayari a wannan hanya da masu harkar saukar baƙi a cikin Bauchi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu 18 ne, duk matasa, za mu taso daga Gombe da ƙafa. Mun yi karo-karo amma kuɗin ba zai kama mana otal ba. Ina za mu nufa idan mun isa? Daga wani mai karatu a Kumo.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah Ya karɓi niyya. Tun kafin ku ɗaga ƙafa daga gida ya kamata a ce an gama maganar masauki. Wanda ya shigo Bauchi bayan Isha'i, ƙafa a kumbure, ciki ba komai, ba shi da bakin ciniki, duk abin da aka yanka masa sai ya biya.

Daga Gombe zuwa Bauchi ya ɗan haura kilomita 150. Mai ɗauke da jaka yana cin kilomita 4 a awa, wato 25 zuwa 30 a yini idan ba a so a karya jiki, tafiyar kwana biyar zuwa shida ke nan. Za ku bi ta Bara, ku wuce Alkaleri, ku haye gadar Dindima a kan kogin Gongola. A nan ayari da yawa suke yin kuskure. Daga Dindima zuwa cikin gari akwai kusan kilomita 40, amma da yake zuciya ta riga ta isa, sai a ce bari a ƙarasa yau. Sakamakon shi ne a shiga gari da tsakar dare, an rufe ƙofofi, 'yan sintiri suna tare ku da tambayoyi. Ku raba wannan zangon gida biyu. Ku kwana a bakin gari, wajen Inkil ko ƙauyukan da ke gabaninsa, ku shiga ta Ƙofar Gombe da hantsi, lokacin da masu gida suke farke kuma ido yana ganin ɗakin da za a ba ku.

Mako guda kafin ku tashi, ku tura mutum ɗaya a mota, mai hankali wanda ya iya gaisuwa. Kuɗin motarsa zuwa da dawowa bai kai abin da za ku yi asara a dare ɗaya na kame-kame ba. Ya fara da 'yan garinku mazauna Bauchi. Da wuya a rasa ɗan Kumo ko ɗan Gombe mai shago a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, kuma shi ne zai san gidan da ke da zaure babba ko shagon da ba kowa a ciki. Idan wannan bai yiwu ba, sai zawiyar da kuke da alaƙa da ita, da takarda daga muƙaddaminku. Ku sani dai zawiyoyin cikin gari su ne suke fara cika, kuma manyan baƙi ake fara ba wa ɗakuna.

Abin da ya fi dacewa da ayari irin naku shi ne ajin makarantar Islamiyya. Aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8 yana ɗaukar mutum 20 a kwance da jakunkunansu, idan an jingine bencina a bango. A nemi izini wurin shugaban makaranta da kwamitinta, a kuma tambayi ranakun karatu, domin idan yara za su shigo da safe dole ku naɗe tabarmi ku share kafin su iso. Makarantar gwamnati ta fi wuyar samu, hedimasta ba ya iya ba da aji shi kaɗai sai da sanin ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, wannan kuma ba aikin yini ɗaya ba ne. Akwai kuma ɗakunan haya na ɗalibai a Yelwa da Gwallameji, kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Idan tafiyarku ta dace da hutun makaranta ana samunsu da sauƙi, sai dai suna can hanyar Dass, nesa da inda za ku shigo, don haka ku sa kuɗin Keke Napep na kullum a lissafi kafin ku ce sun yi araha.

Ɗan aiken kada ya tsaya kallon faɗin ɗaki kawai. Ya duba banɗaki: guda ɗaya ga mutum 20 shi ne iyaka, fiye da haka layin Asuba zai sa wasu su rasa jam'i, wasu kuma su ɓata wa maƙwabta lungu, daga nan rigima take farawa. Ya tambayi ruwa. Kowane mutum yana buƙatar aƙalla jarka ɗaya mai lita 20 a yini domin sha da alwala da wanka, wato ku 18 kuna shan kusan kura biyu ta 'yan garuwa kullum. Ya ɗaga kai ya dubi rufi, domin a 'yan shekarun nan Maulidi cikin damina yake faɗowa, kamar yadda ya zo a farkon Satumba a 2025, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kamar kwana 11. Tabon ruwa a silin ko kore-kore a gindin bango alama ce ta ɗaki mai yoyo. Ku riƙo leda mai kauri ta shimfiɗawa ƙarƙashin tabarma, da gidan sauro da igiyar ɗaure shi.

Abu na ƙarshe, kuma kada ku raina shi: takarda daga dagaci ko hakiminku mai ɗauke da sunayen kowa da lambar wayar jagora. Da isarku mai masauki ya raka jagora wurin mai unguwa a gaisa a nuna ta. Samari 18 baƙin fuska a unguwa ba tare da sanin kowa ba abin tsoro ne ga mutane, kuma suna da gaskiya.

Tambaya: Ni dattijo ne mai ciwon baya, ba na iya kwana a ƙasa. Ni da abokaina biyu muna so mu haɗa kuɗi mu kama ɗaki ɗaya a ƙaramin otal. Me za mu lura da shi? Daga Deba.

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Dabarar haɗa kuɗi tana da kyau, amma ku faɗa wa manaja tun farko cewa ku uku ne. Yawancin ƙananan otal mutum biyu suke yarda da shi a ɗaki, idan suka ga na uku da dare sai su ce a ƙara kuɗi ko a kama wani ɗakin. A yi maganar ƙarin katifa a gama ta kafin a biya, a rubuta a rasit tare da yawan kwanaki.

Ku nemi na gefen gari, ku bar na kusa da wurin taro. Lissafin mai sauƙi ne: idan ɗakin tsakiyar gari ya fi na gefe da naira 6,000, kuɗin Keke na ku uku zuwa da dawowa kuma bai kai haka ba, na gefen ya fi. Wanda zai yi kwana uku ko huɗu yana da damar neman ragi, musamman idan ya zo da rana tsaka lokacin da baƙin jiya suka fita. Ku tambayi ƙarfe nawa ake sallamar ɗaki. A yawancin wurare 12 na rana ne, wanda ya tafi wurin zikiri ya dawo da La'asar an riga an lissafa masa wani kwanan.

Kada ku biya sai kun shiga ɗakin da ƙafarku. A buɗe famfo a ga ruwa ya zubo, idan babu a tambayi wa zai kawo bokiti kuma sau nawa. A ɗaga zanin gado a duba ɗinkin gefen katifa da fitilar waya. Ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yayyafa tawada kashin kuɗin-cizo ne, kuma idan suka shiga jaka har gida za su raka ku. A gwada sakata daga ciki, a duba ragar taga. A tambayi lokacin da ake tayar da janareta da lokacin da ake kashewa, sannan a ga inda aka ajiye shi. Wannan ba maganar jin daɗi ba ce, maganar rai ce. Janareta a cikin baranda rufaffiya ko a gindin taga yana tura iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, mai barci ba ya farkawa ya gudu, kuma wanda ya gaji da tafiya barcinsa ya fi na kowa nauyi. Idan kun ga haka ku bar wurin ko da kyauta ne.

Ku kuma dubi irin masu shige da fice. Wurin da ake ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu, ko mai mashaya a tsakar gida, ba zai bar ku ku yi barci ba balle wuridi, araha kuwa ba ta ado. Masu tallan ɗaki a Facebook da WhatsApp da ke cewa a turo kuɗi a riƙe muku wuri, kada ku tura sai wani naku da ke Bauchi ya je ya gani da idonsa.

Tambaya: Mu mata ne mu 7, da yara biyu, muna tare da ayarin mazajenmu da 'yan'uwanmu. An ce mana duk inda maza suka sauka mu ma a raɓa. Hakan ya yi? Daga wata uwa a Bajoga.

Amsa: Hajiya, bai yi ba, kuma tun a gida za ku tsaya a kan haka. Masaukin mata daban ake nemansa, cikin gidan iyali, wurin matan gida, mai banɗaki a ciki wanda ba sai an fita waje da dare ba. Abin mamaki shi ne ya fi na maza sauƙin samu, domin magidanci da zai yi ɗari-ɗari da samari goma ba ya ƙin uwa da goyo idan ta zo ta hannun wanda ya sani. A raba ku gida biyu maƙwabtan juna, uku da huɗu, ya fi a cusa ku ɗaki ɗaya. Ya kasance bai yi nisa da masaukin mazan ba, kuma uwar gida ta riƙe lambar wayar jagora. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu ko a ɗaura masa a hannu, mai sunan unguwar da kuka sauka da lambar waya, domin a cunkoson Maulidi yaro yana ɓacewa cikin ƙiftawar ido. Ku riƙo gishiri da sukari: idan gudawa ta kama yaro, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kai shi asibiti.

Tambaya: Ni kaɗai nake tafiya. Me zai hana in kwana a masallaci ko a tasha? Daga Dukku.

Amsa: Ɗan'uwa, masallatai da yawa a cikin gari ana kulle su bayan Isha'i saboda satar batir da lasifika da fanka. Idan kana so, ka yi Magariba a masallacin unguwa, ka gaisa da liman, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, ka nuna katin shaidarka. Sau da yawa ma wani daga cikin jama'a zai ja ka zaurensa. Tasha kuwa sai dole. Idan dolen ta kama, ka gabatar da kanka ga shugabannin 'yan ƙungiyar direbobi, ka kwanta inda haske yake, waya da kuɗi a jikinka cikin riga, takalmi a ƙarƙashin kai. Kada ka bar waya a wurin mai caji ka yi barci.

Tambaya: Wani malami ya yarda ya sauke mu kyauta. Idan mun ba shi kuɗi kada ya ji mun raina shi, idan ba mu ba shi ba kuma nauyi ya yi masa yawa. Yaya za mu yi? Daga Gombe.

Amsa: Malam, kada ku miƙa masa kuɗi a matsayin haya, ku ɗauke masa ɗawainiya ne. Ruwan da za ku yi amfani da shi ku saya da kanku, ku ƙara da na gidan. Idan mitarsa ta kati ce ku sa masa wuta, domin cajin wayoyi da fanka dare da rana suna cinye ta. Ku shigo da abin hannu, kwanon shinkafa ko gero, sabulu da goro, a miƙa cikin gida ta hannun yaro. Ku gaya masa ranar tafiyarku tun ranar da kuka sauka. Hadisi ya nuna baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida, don haka idan za ku zarce sai a sake neman izini. Kada ku gayyato wani ayarin da kuka haɗu da shi a hanya ba da saninsa ba, wannan ne ya fi komai sa masu gida su rufe ƙofa a shekara mai zuwa. Ranar tafiya a wanke banɗaki, a kwashe shara a kai juji, a mayar da tabarmi da butoci a ƙirge, sannan jagora ya shiga da mutum biyu su yi sallama da godiya.