Lauyan manyan laifuka da shari'ar magungunan ƙara kuzari

Ka tambaya ko lauyan da ya saba kare waɗanda ake tuhuma da manyan laifuka zai iya ƙwarewa a shari'ar 'yan wasan da aka kama da magungunan ƙara kuzari. Zai iya, amma sai ya yarda ya koma ɗalibi, domin fagen gida biyu ne. Akwai kotun ƙasa, kamar a Amurka inda dokar Rodchenkov ta 2020 ke iya kai masu kitsa maguɗin kurkuku har shekara 10, ko Jamus da ta mai da shan waɗannan magungunan a wasanni laifi a 2015. Wannan aikinka ne na yau da kullum. Sai kuma hukumomin wasanni masu bin ƙa'idar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari a wasanni, da ɗaukaka ƙara a kotun sasanci ta wasanni da ke birnin Lausanne na ƙasar Switzerland.

A gida na biyun nan na ga abokan aiki suna tuntuɓe. Mun saba mai ƙara ne zai kawar da duk wata shakka. Can kuwa, da zarar an ga sinadarin a fitsarin ɗan wasa, laifi ya hau kansa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma dakatarwar na iya kai shekara 4. Shi ne zai nuna ta inda abin ya shiga jikinsa. Saboda haka ka koyi karanta takardun ɗakin gwaji, ka nemi masanin sinadarai da ka amince da shi. Duk ɗan wasan da ya zo maka, fara da ce masa kada ya zubar da ko kwalba ɗaya ta abin da yake sha.