Birni a Kan Filin Aman Wuta: Ta Yaya Ake Auna Haɗarinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Daura. Na ji an ce akwai biranen da ke zaune a kan filin duwatsu masu aman wuta. Ta yaya masana ke gane girman haɗarin? Duwatsunmu na jihar Katsina fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na gida dai kwantar da hankalinka. Duwatsu irin na Dutsin-ma sun daskare a can ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, ba sa aman wuta. Tsofaffin bakunan aman wuta a Najeriya suna tsaunukan Biu da Jos.

Wahalar filin duwatsu masu aman wuta ita ce babu dutse guda da za a zuba wa ido. Yawanci kowane baki sau ɗaya yake amai ya mutu, na gaba kuma ya ɓullo a sabon wuri. A 1943 tsakiyar gonar masara ƙasa ta tsage a Meziko, dutsen Parikutin ya fito. Birnin Okland na Niyu Zilan yana kan bakuna kusan 53, na baya-bayan nan, Rangitoto, ya yi amai kimanin shekara 600 da suka wuce. Ka ga ke nan nisan gidanka da tsohon dutse ba kariya ba ne.

Da tarihi ake farawa. A haƙa ƙasan tafkunan da ke cikin tsofaffin bakuna, a zaro laka, a ƙirga shimfiɗun toka, a auna shekarunsu. Da wannan ake zana taswirar inda ya fi yiwuwa sabon baki ya ɓullo, sannan a ɗora mata gidaje, asibitoci, bututun ruwa da hanyoyin ficewa. Dole a san inda ruwa yake kwance, domin narkakken dutse in ya gamu da ruwa fashewa yake yi, guguwar toka mai ƙuna ta share kilomitoci cikin mintuna. Ta fi malalar wutar kisa nesa ba kusa ba.

Sai sa ido: na'urorin jin girgiza, GPS da tauraron ɗan'adam don kumburin ƙasa, da awon iskar gas. Rugugin motoci na rufe ƙananan girgiza, shi ya sa ake binne na'urorin a rami mai zurfi. Su ma alamun kan yi yaudara. A garin Pozzuoli kusa da Napoli a Italiya, ƙasa ta kumbura kusan mita 1.8 tsakanin 1982 da 1984, aka kwashe dubban mutane, amai bai zo ba. A kusa da birnin Goma na ƙasar Kongo kuwa, ranar 22 ga Mayun 2021, dutsen Nyiragongo ya fashe ba tare da gargaɗi bayyananne ba.

Abin da aka fi rainawa toka ce, kuma kuskure ne babba. In ruwa ya jiƙa ta nauyinta kan kusan ninkawa, kaurin santimita 10 na iya karya rufi mai rauni. A aman dutsen Pinatubo na Filifin a 1991, ruftawar rufi ce ta kashe ɗaruruwan mutane.